Likita ya ce jikin karyar gadina ne ke cinye jininta: zan iya dakatar da maganin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ina da gidan gona a bayan garin Daura, da kaji da 'yan awaki, kuma wata karya ce ke yi mini gadi shekara biyar ke nan. Nauyinta kilo 20. Mako biyu da suka wuce ta ƙi abinci ta kwanta, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi, farin idonta ya yi rawaya. Na kai ta Katsina, likitan dabbobi ya auna ya ce PCV ɗinta 13 ne, aka yi mata ƙarin jini daga wani kare. Ya ce garkuwar jikinta ce ke farfasa jininta. Ya ɗora ta a kan prednisolone ƙwaya takwas kullum, da wasu magunguna biyu. Yanzu ta miƙe, ba ta ƙoshi da abinci, amma shan ruwa da fitsari sun yi yawa, ga haki. Wani maƙwabcina mai shanu ya ce ƙwayoyin ne ke wahalar da ita, in bari in yi mata allurar Berenil in haɗa da maganin ƙarin jini. Zan iya dakatarwa tunda ta samu sauƙi? Kuma yarana ko awakina za su iya ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka ɗauke ta tun daga Daura har Katsina. Da ka ƙara kwana biyu a kan PCV 13, da wuya a ce yau muna wannan magana.

Kada ka dakatar da maganin, kada kuma ka rage ko da rabin ƙwaya da kanka. Miƙewar da ka ga ta yi, jinin aro ne da ƙarfin maganin suka tashe ta. Cutar tana nan kwance, an danne ta ne kawai.

Likitoci suna taƙaita sunan wannan cuta da IMHA. Garkuwar jiki aikinta ta gane baƙo ta yaƙe shi. A wannan cuta sai ta rikice, ta shafa wa jajayen ƙwayoyin jinin dabbar alamar baƙo, saifa da hanta su riƙa kama su suna farfasawa, wani lokaci ma a cikin jijiya suke fashewa. Ƙwayar jinin kare mai lafiya tana yin kwana 110 zuwa 120 kafin ta tsufa. A nan kwanaki kaɗan take yi. Ɓargo yana ƙoƙarin cike giɓin, amma sai ya ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin sabon jini ya fara fitowa da yawa, kuma abin da ya fito ma ana bin sa ana rushewa. Ragowar jinin da ya fashe shi ne ya rina fitsarin, shi ne kuma ya kawo shawarar da ka gani a idonta. Gwajin PCV kuwa irin wanda ake yi wa mata masu ciki ne a wurin awo: yana nuna kashi nawa cikin ɗari na jini ne jajayen ƙwayoyi. Na lafiyayyen kare yana tsakanin 37 da 55. Ka ga 13 kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da take buƙata.

Ƙarin jinin da aka yi mata bai taɓa cutar ba, lokaci ya sayo mata kafin magani ya kama. Wani abu kuma da ya kamata ka riƙe: karnuka ma suna da rukunin jini. Ƙari na farko yakan wuce lafiya, amma bayan kamar kwana huɗu jiki ya riga ya gane jinin baƙo. Idan wata rana aka sake buƙatar ƙari, ko a wane asibiti ne, ka fara gaya musu an taɓa yi mata, domin a gwada dacewar jinin kafin a saka.

Ƙwaya takwas ta prednisolone, maganin da ke danne garkuwar jiki, tana da ban tsoro a ido, na sani. Lissafin shi ne miligiram 2 ga kowane kilo a rana. Kilo 20 ya ba da miligiram 40, in kuwa ƙwayar mai miligiram 5 ce, takwas ke nan daidai. Likitanka bai wuce gona da iri ba. Shan ruwa, yawan fitsari, yunwa da haki duk halin prednisolone ne, kusan kowane kare da ke shan wannan adadi yana yin su. Nan gaba za ka iya ganin cikinta ya ɗan fito, naman cinya da na kai ya ragu, gashi ya yi sharashara. Duk suna komawa daidai yayin da ake rage maganin. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rage mata ruwa don fitsari ya yi yawa. Zafin Daura a watannin bazara yana haura digiri 40, ga magani mai jawo ƙishirwa. A ajiye mata kwano biyu a inuwa, kada ɗaya ya taɓa bushewa, a kuma riƙa sakinta ta yi fitsari akai-akai har da dare.

Yadda ake sauka daga maganin kuwa a hankali ne. Sai PCV ya haura 30 ya tsaya a nan kamar mako biyu, sannan a cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu na adadin. A jira mako uku, a sake aunawa, in ya riƙe a sake cirewa. Haka ake bi har wata uku zuwa shida. Dalilin wannan jan ƙafa biyu ne. Garkuwar da aka danne tana iya tasowa da ƙarfi idan aka sake ta lokaci guda, kuma dawowar cutar sau da yawa ta fi zuwan farko wuyar sha'ani. Sannan akwai wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da ke samar da sinadari irin na wannan magani. Idan dabba ta daɗe tana sha, sai su yi barci. Aka yanke kwatsam, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki, sai amai da kasala da faɗuwa. A aikina, karnukan da suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda suka tsallake makon farko da ƙyar, mai su ya ga sun koma haushi a bakin ƙofa ya ajiye magani, bayan wata guda aka dawo da su dasashi fari fat.

Yanzu maganar maƙwabcinka. Ba zan ce bai san komai ba, domin akwai gaskiya a gefen maganarsa. A ƙasarmu, idan kare ya zo da ƙarancin jini da fitsari ja, abin da nake fara zargi kaska ce. Jar kaskar kare tana ɗauke da ƙwayar cutar babesiya, wadda ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda ta zazzaɓin cizon sauro ke yi wa mutum, tana kuma ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna ehrlichia. Waɗannan suna cinye jini da kansu, kuma suna iya zama su ne suka rikita garkuwar tun farko. A ƙasashen Turai da Amurka yawancin karnukan da ke da IMHA ba a gano sanadin tasu, kuma an fi ganinta a mata masu matsakaicin shekaru irin taki. Amma a nan, likitan da bai nemi cutar kaska ba bai gama bincike ba. Ka tambaye shi kai tsaye: an shafa jininta a gilashi an duba a madubin likita? An ga babesiya? An ɗiga jinin a ruwan gishiri an ga yana dunƙulewa? Wannan dunƙulewa, da wasu ƙananan ƙwayoyin jini masu siffar ƙwallo, su ne manyan shaidun cewa garkuwa ce ke ɓarnar. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin magungunan nan biyu doxycycline ne, wanda ake bayarwa kwana 28 saboda ehrlichia. In shi ne, a cika kwanakin, a ba ta tare da abinci.

Inda maƙwabcinka ya kauce shi ne Berenil. A wurin shanu magani ne mai amfani ga sammore, shi ya sa makiyaya suka amince da shi. A jikin kare kuwa, tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa siririya ce ƙwarai. Ɗan ƙari kaɗan, ko maimaita allurar kafin lokaci, yana taɓa ƙwaƙwalwa: kare ya fara tangaɗi, idanu na rawa, ya sandare, kuma babu makarinsa. Likita ne kaɗai zai yi wa kare wannan allura, bayan ya ga ƙwayar cutar ya kuma ɗora dabbar a sikeli. Idan babu babesiya, ba abin da zai ƙara mata sai haɗari.

Maganin ƙarin jini na kwalba ma ba shi ne matsalarta ba. Ita ba ta zubar da jini waje ba, a ciki ya fashe, kuma jiki yana tattara sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin ya sake aiki da shi. Ƙari a kan haka, maganin ƙarfe yana hana doxycycline shiga jiki idan aka haɗa su lokaci guda. Kuɗin kwalbar gara ka adana shi don gwajin PCV.

Akwai haɗarin da masu karnuka ba su cika sani ba, alhali yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan cuta, musamman a makonni biyun farko: gudan jini. Jinin mai IMHA yana saurin daskarewa, gudan ya tafi ya toshe jijiyar huhu. Shi ya sa ake haɗawa da maganin tsinka jini irin su clopidogrel, kuma ina zaton shi ne na ukun da aka ba ka. Kada ka raina shi don ƙwayar ƙarama ce. Ga yadda za ka bambance hakin magani da na haɗari: ka jira ta yi barci a wuri mai sanyi, ka ƙirga sau nawa ƙirjinta ke ɗagawa a minti ɗaya. Ƙasa da 30 lafiya lau. In ya wuce 40 tana barci, ko ta kasa kwanciya tana miƙe wuya tana neman iska, a kama hanyar asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Kowace safiya ka ɗaga leɓenta a hasken rana ka dubi dasashi. Ya kamata ya kasance ja-ja mai haske. Ka ɗauki hotonsa da waya a wuri ɗaya kullum, domin ido yana sabawa da canjin da ke zuwa a hankali. Ka dubi launin fitsari. Ka dubi kashi: idan ya yi baƙi kamar kwalta, ko ta yi amai da jini, gyambon ciki ne, a sanar da likita ranar. A nan zan ja kunne sosai. Kada a ba ta diclofenac ko ibuprofen ko wani maganin ciwon jiki na mutane. Su kaɗai ma suna illata kare, balle a kan prednisolone, inda suke iya huda ciki. Paracetamol ma kada a ba ta, yana lalata jajayen ƙwayoyin jini idan ya yi yawa.

Abinci ba sai mai tsada ba. Dafaffen nama ko kifi marar ƙaya, dafaffen ƙwai tunda kana da kaji, da shinkafa ko tuwo. Ɗanyen nama da mushen kaji a daina, domin garkuwarta a danne take, ƙwayar cutar da da ba za ta dame ta ba yanzu tana iya kwantar da ita. Sai babban abin da ke shigewa ba a lura ba, wato ragowar miyar gida. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jinin kare, dafawa kuma ba ta kashe gubarsu. A gaya wa iyali da yaran gona, sauran miya da sauran tsire ba nata ba ne. Yunwar da take nunawa ta magani ce, a raba abincinta kashi uku a rana maimakon a ƙara yawansa.

Gadi kuwa ta tafi hutu tukuna. Jinin da ke ɗauke da iska bai kai ba, gudu ɗaya a bayan baƙo yana iya kayar da ita. A ajiye ta a inuwa mai iska, nesa da garken awaki. A yaƙi kaska a jikinta da kuma makwancinta, domin wannan kaska a tsagar bango da ƙarƙashin katako take ɓuya, mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai. Likita zai zaɓa maka abin da ya dace da marar lafiya. Akwai ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto da ke aiki mako 12. Baƙin mai, kalanzir da maganin feshin gona kada su taɓa fatarta. Kada a bari a haye ta a wannan lokaci, allurar rigakafi kuma, har da ta haukan kare, a bar likita ya tsara lokacinta.

Game da yara da awaki, ka kwantar da hankalinka. IMHA ba ta yaɗuwa, rikici ne tsakanin jikinta da jininta. In kana da wani kare dai a duba shi, tunda kaska ɗaya ke cizonsu. Taka-tsantsan ɗaya ne: idan likita ya ƙara azathioprine, wanda ake sakawa idan prednisolone shi kaɗai bai isa ba, kada a fasa ƙwayar ko a daka ta, mace mai ciki kada ta taɓa, a kuma ɓoye duk magungunan daga yara.

Ba zan ɓoye maka ba, cuta ce mai kisa, kuma ko an yi komai daidai wasu karnukan ba sa tsallakewa. Amma mafi yawan asarar a makonnin farko take, taki kuma ta kusa fita daga cikinsu tana ci tana tafiya. Da yawa daga waɗanda suka kai nan suna rabuwa da magani gaba ɗaya su koma aikinsu, kaɗan kuma cutar takan dawo musu, shi ya sa duba dasashi zai zame maka al'ada har bayan an gama. Idan PCV ya ƙi tashi bayan mako guda ko biyu, ko aka sake buƙatar jini, ka nemi likitanka ya tura ku asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da kayan bincike fiye da na ƙananan asibitoci.

Na san za a samu masu cewa wahalar ta yi yawa a kan kare. Shekara biyar tana kwana a waje don dukiyarka ta kwana lafiya, kuma mun san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. In kuɗi ya yi wuya, ka faɗa wa likita gaskiya. Prednisolone ba shi da tsada, gwajin PCV ma haka, kuma ana iya tsara zuwa Katsina ya dace da ranakun rage magani. Ranar da za ka koma, ka tafi da kwalayen magungunan uku, da hotunan dasashin, da takardar da ka rubuta ƙirgen numfashinta na kowane dare.