Na'urorin sa ido kan majinyaci marasa waya: in zuba jari ko in dakata?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan asibiti a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Na daɗe ina harkar na'urar awon hawan jini, ta awon suga, gadajen asibiti da safar hannu. Wani kamfani a ƙasar Sin ya yi mini tayin wakilci. Ƙananan na'urori ne da ake manna wa majinyaci a ƙirji ko a ɗaura masa a hannu, su riƙa aika bugun zuciya, numfashi, zafin jiki da yawan iskar oksijin zuwa allon ma'aikatan jinya ba tare da waya ba. Sun ce kayansu na bin ƙa'idar MBAN ta duniya, wato ta haɗa na'urorin lafiya da ke jikin mutum ba tare da waya ba, shi ya sa suka fi tsada, kuma sai na sari kaya na kusan naira miliyan 60 kafin su ba ni wakilcin. Kusan rabin jarina ke nan. In shiga?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka saki miliyan 60 ɗin nan yanzu. Harkar tana da gaba, amma abin da suka jingina tsadar a kai, wato "ƙa'idar duniya", ba shi da ƙarfin da suke nuna maka.

Buƙatar dai gaskiya ce. Ka leƙa ɗakin kulawa ta musamman ka dubi majinyaci: wayoyi uku ko biyar a ƙirji, maƙalallen abu a yatsa, robar awon jini a damtse, duk sun nufi akwatin da ke saman gado. In zai juya sai an taimaka masa, in zai zaga bayi sai an zare masa komai. A babban ɗakin kwanciya kuwa ko akwatin babu. Nas ce za ta zo ta auna ta rubuta ta wuce, sai bayan wasu sa'o'i ta dawo, kuma a tsakanin nan jiki kan rikice ba wanda ya sani. Wannan giɓin ne injiniyoyi suka so su toshe da ƙananan na'urori a jikin mutum, masu magana da wata uwar na'ura da ke kusa, ita kuma ta miƙa saƙon ga kwamfutar asibiti.

Matsalar ita ce ba ƙa'ida ɗaya aka yi ba. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa kwamiti a ƙarshen 2007, ya yi shekaru yana aiki, aka fitar da ƙa'idar IEEE 802.15.6 a watan Fabrairun 2012. A takarda abin sha'awa ce: uwar na'ura ɗaya za ta iya riƙe 'ya'ya har 64, tana aiki a tazarar 'yan mitoci kaɗan da ƙarfin wuta ƙanƙani, tana ba saƙon gaggawa fifiko a kan na yau da kullum, har da hanyar aika saƙo ta cikin jikin mutum kansa. Bayan wata uku, a Mayun 2012, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ware zangon siginar rediyo na 2360 zuwa 2400 MHz domin wannan aiki, ita ce ƙasa ta farko da ta yi hakan. Kamfanonin GE Healthcare da Philips ne suka matsa lamba, kuma sai da suka sasanta da masu gwajin jiragen sama, domin su ne ke kan zangon tun farko. Shi ya sa kashi mafi girma, 2360 zuwa 2390, ba a yarda a yi amfani da shi ba sai a cikin ginin asibiti, bayan an yi rajista. Ragowar 10 ɗin ne kawai aka sake wa gida da motar ɗaukar marasa lafiya. Turai ba ta bi Amurka ba. Ta zaɓi 2483.5 zuwa 2500 MHz, kuma hukumar ƙa'idojinta, ETSI, ta kafa nata kwamitin mai suna SmartBAN a 2013. Na'urorin da ake dasawa a cikin jiki, irin su mai daidaita bugun zuciya, su ma zangonsu daban, wajen 402 zuwa 405 MHz.

To da wanne kamfanin naka yake aiki? Wannan ce tambayar farko da za ka aika masa, kuma a rubuce kake son amsa, da lambobi.

Amsar ta shafe ka kai tsaye. In ya ce zangon Amurka ne, ka sani cewa a Najeriya zangon 2.3 GHz, wanda ya taso daga 2300 zuwa 2400 MHz, na kamfanonin intanet ne masu lasisi. Hukumar NCC ta yi gwanjon wani yanki nasa a 2014, kamfanin Bitflux ya saya a kan dala miliyan 23 da 'yan kai. Na'urar da ke raɗa da ƙarfin miliwat ɗaya ba za ta yi gogayya da turken sadarwa da ke bayan katangar asibiti ba, kuma ba ita ce mai haƙƙi a wurin ba. Kariyar da asibitin Amurka ke biyan kuɗi dominta, wato zango mai tsabta da mai kula da rabonsa, ba ta biyo kayan cikin kwantena.

In kuma ya ce 2.4 GHz ne, to kusan tabbas Bluetooth ne aka sa wa babban suna, ko wata hanyar kamfanin ta kansa. Ba aibi ba ne. Gaskiyar kasuwa ita ce 802.15.6 ba ta samu karɓuwa wurin masu ƙera kaya ba. Tun kafin a gama rubuta ta, Bluetooth mai ƙarancin cin batir ya fito a 2010, iPhone 4S ya ɗauke shi a 2011, Android ya biyo a 2013. Da ya shiga aljihun kowa, sai ƙwaƙwalwarsa ta yi arha, injiniyoyin da suka iya shi suka yi yawa, kuma ƙungiyar da ke kula da shi ta fitar da tsare-tsare na bai-ɗaya domin awon bugun zuciya, hawan jini, zafin jiki, suga da oksijin. Kwamiti ya yi aiki mai kyau, wayar hannu ta riga shi isa kasuwa. Raunin Bluetooth shi ne cunkoso, domin zango ɗaya yake rabawa da Wi-Fi da wayoyin 'yan dubiya, yana kauce musu ta hanyar tsalle tsakanin tashoshi 40. A ɗaki mai gado shida ba za ka ga matsala ba. A ɗaki mai gado talatin ranar Juma'a da yamma, sai an gwada. Abin da nake so ka riƙe shi ne, in Bluetooth ne, farashin Bluetooth za ka biya.

Yanzu ga inda kuɗinka zai iya maƙalewa, kuma ka fi ni sanin misalinsa, tunda kana sayar da na'urar awon suga. Na'urar ba ta da tsada, wani lokacin ma kyauta ake bayarwa; ribar tana cikin tsinken gwaji, kuma tsinken wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Ranar da tsinken ya yanke a kasuwa, na'urorin da ke kan kantarka sun zama kwantai, waɗanda ka riga ka sayar kuma masu su za su zo shagonka da ƙorafi. A kayan da ake maka tayi abin ya ninka uku. Akwai filastar da ake mannawa, wadda ake jefarwa bayan 'yan kwanaki. Akwai manhajar da ke karanta ta. Akwai kuma kwamfutar kamfanin a can ƙasarsu, inda bayanan ke zuwa kafin su dawo allon nas, in haka aka gina tsarin. Kowanne daga cikin ukun nan igiya ce a hannun kamfanin. In ya ƙara kuɗin filasta, za ka biya. In ya rufe ko ya daina sabunta manhaja, kayan miliyan 60 sun mutu a tsaye alhali ko ƙwarzane ba su yi ba. Manyan kamfanoni ma suna ɗaure kayansu da yanki: na'urar suga ta FreeStyle Libre da aka saya a Amurka ba ta aiki da na'urar karanta awo da aka yi wa Turai. Amfanin ƙa'ida a wurin ɗan kasuwa ke nan, ta ba shi damar sauya mai kawo masa kaya ba tare da ya zubar da abin da ya riga ya saya ba. Saboda haka gwajin mai sauƙi ne. Ka karɓi samfur, ka nemi wani yaro da ya iya kwamfuta ya gwada karanta shi da manhajar da ba ta kamfanin ba. In ya karantu, akwai ƙa'ida. In sai da tasu kaɗai, sunan ƙa'idar ado ne a jikin kwali.

Filastar ma tana da nata halin. Tana da ranar lalacewa, kuma yawancin irinta ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30. Ka tuna sitonka a watan Afrilu, rufin kwano, babu wuta. Ka kuma tuna gumin majinyaci. Gam ɗin da ya riƙe kwana bakwai a ɗaki mai sanyi yana iya saki a kwana biyu a nan. Wanda ya sari kaya mai yawa don ya samu ragi, shi zai kwashi wannan asarar.

Batun tsaro ba na son ka ɗauke shi maganar 'yan boko. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da gyaran manhajar na'urorin daidaita bugun zuciya kusan 465,000 na St. Jude Medical, wanda Abbott ya saya, saboda an gano wani na iya kutsawa cikinsu daga nesa. A 2019 aka janye wasu famfunan insulin na Medtronic a kan irin wannan dalili. Waɗannan manya ne masu kuɗin gyara kuskurensu. Ƙaramin kamfani in abin ya same shi, sau da yawa suna kawai yake sauyawa. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje. Asibitin da ya san abin da yake yi zai tambaye ka ina bayanan majinyatansa ke kwana. Ka fifita tsarin da zai yi aiki a cikin asibiti ko da intanet ta ɗauke.

Takardu ba su da wuyar tantancewa. Kayan na buƙatar rajistar NAFDAC a matsayin na'urar lafiya, da amincewar NCC tunda suna watsa sigina. Ka nemi shaidar ISO 13485 ta masana'antar, wato ta tsarin kula da ingancin ƙera kayan lafiya. Tambarin CE, wato na cika ƙa'idojin Turai, a irin wannan na'ura dole ya zo da lamba huɗu a gefensa, ta hukumar da ta duba kayan. In sun ce FDA, ka nemi lambar amincewa mai farawa da K ka bincika a shafin hukumar. "Mun yi rajista da FDA" magana ce daban, ba amincewa ba ce. In akwai lambar FCC a jikin na'urar, bincikenta zai nuna maka ainihin zangon da take aiki a kai, ko da dillalin bai so faɗa ba.

Ga yadda zan juya kuɗin da a ce ni ne. Zan ware abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, in sayi abin da zai ishi gadaje kaɗan, in sa a asibitin kuɗi guda ɗaya da nake da fahimtar juna da shi, na tsawon wata uku, kuma in sa lokacin ya haɗa da zafi. A ajiye littafi: sau nawa sigina ya yanke, kwana nawa filasta ta riƙe, sau nawa ƙararrawa ta yi kukan ƙarya. Wannan na ƙarshen shi ke kashe irin waɗannan kaya, domin nas ɗin da aka tayar sau goma a banza cikin dare ɗaya, kashe sautin za ta yi. Sannan in tambayi mai asibitin, ba likita ba, nawa zai iya ɗora wa majinyaci a kwana. Daga wannan adadin ne za ka gane ko akwai riba.

In gwajin ya yi kyau, ka koma teburin ciniki da ƙarfinka. Wakilcin ya zama a rubuce, da yanki da wa'adi. A ƙayyade farashin filasta na aƙalla shekara biyu, da alƙawarin ci gaba da kawo ta da sabunta manhaja. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi talatin, ragowar sai an duba kaya kafin lodi. Rajistar NAFDAC kuma ka tabbatar da sunan kamfaninka aka yi, da takardar wakilci daga masana'anta, don kada ka share fili wani ya zo ya shuka. Wajen sayarwa, gara ka ba da hayar na'urorin a kan kuɗin wata, haɗe da filasta da gyara da horar da ma'aikata, maimakon sayarwa kai tsaye. Sai dai ka sa sharaɗin duba farashi duk wata uku, domin da dala kake saye, da naira ake biyan ka, kuma ka ga abin da canji ya yi tun Yunin 2023. Kwangilar gwamnati ka bar ta sai ka samu kuɗin da za ka iya jira a kansa.

Ragowar jarin ya ci gaba da juyawa a kayan da ka sani. In kana son ka fara taɓa harkar mara waya tun yanzu, ka ƙara na'urorin hawan jini da na oksijin masu Bluetooth daga kamfanonin da suka riga suka yi rajista a nan. Ko manhajar ta mutu, allonsu zai ci gaba da nuna awo. In kamfanin ya ƙi sayar maka da kayan gwaji, ya dage sai miliyan 60 ko babu, ka yi masa godiya ka nemi farashi daga wasu masana'antu biyu ko uku masu irin kayan.