Amsa ga ƙanwarmu mai son fara jawabi a taruka

Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanmu da yamma. To ƙanwata, na ji tambayarki, kin ce kina son ki fara gabatar da jawabi a manyan taruka amma har yau ba wanda ya taɓa gayyatarki, ta ina za ki fara. Gaskiya kar ki zauna jiran gayyata, masu shirya taro ba sa kiran wanda ba su taɓa jin muryarsa ba.

Ki zaɓi abu ɗaya da kika sani sosai, ɗaya tak, ke da kike harkar kwamfuta ai kina da abin faɗa. Ki fara da inda kike da shiga, taron tsofaffin ɗalibai, islamiyyarku, bitar da ake yi a wurin aiki, ko minti biyar aka ba ki ki karɓa, kuma ki sa wani ya ɗauke ki bidiyo da waya, don wallahi wannan bidiyon shi za a fara nema daga baya.

Sannan yawancin tarukan nan su da kansu suke buɗe fom suna neman masu magana, irin DevFest, taron masu haɗa manhaja da ƙungiyoyin GDG (masu amfani da fasahar Google) ke yi wajen ƙarshen shekara, har a Kano da Kaduna ana yi. Taken jawabinki za ki rubuta da ɗan bayanin abin da mutum zai ƙaru da shi in ya saurare ki, shi ke nan. TEDx ma akwai, wato tarukan gajerun jawabai, amma ki sani ba sa biyan mai magana, kuma ba a wuce minti 18.

Maganar lokacin nan ita ta fi damuna fa. Mu nan sai a ba mutum minti 10 ya cinye rabi yana jero gaisuwar manyan baƙi, mai girma wane, mai martaba wane, kafin ya shiga magana an miƙo masa 'yar takarda wai lokaci ya ƙare, abin tausayi. Ki yi sallama, ki gaida babban baƙo da sauran jama'a a jumla ɗaya, ki shiga abin da ya kawo ki. Toastmasters, ƙungiyar nan ta koyon jawabi a gaban jama'a da aka kafa a Amurka tun 1924, suna da rassa a Abuja da Legas, jawabin farko a wurinsu minti 4 zuwa 6 ne kuma akwai mai riƙe agogo. Ke ma ki riƙa gwaji a gida da agogon waya, da ƙarfi, a tsaye.

Ki rubuto take da bayanin nan ki turo min kafin Juma'a in duba miki, in sha Allah.