Wi-Fi na Mota Ya Kama Amma Babu Intanet: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Toyota Camry ƙirar 2018 'yar Amurka wata biyu da suka wuce. Idan na kunna Wi-Fi ɗin motar, wayata tana ganin sunansa kuma tana kamawa, amma ko saƙon WhatsApp ba ya shigowa. Mai gyaran rediyo ya ce allon ne ya lalace, in kawo kuɗi ya samo mini wani a Ƙofar Ruwa. Shin in saya? Daga wani mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka saya, domin bayanin da ka yi ya nuna cewa allonka lafiyarsa ƙalau. Da ɓangaren Wi-Fi ɗin ya mutu, da wayarka ba za ta ga sunansa ba, balle ta kama. Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne ɗaukar Wi-Fi da intanet a matsayin abu guda, alhali Wi-Fi hanya ce kawai tsakanin wayarka da motar, kamar bututun da ke tsakanin tanki da famfon tsakar gida. Ko da famfon sabo ne fil, in babu ruwa a tankin, sauya kan famfo ba zai kawo ɗigo ɗaya ba.

Intanet ɗin da motar ke rabawa yana shigowa ne ta wata ƙaramar na'ura da aka ɓoye a cikin jikinta, wadda ke da nata layin waya. Wannan layi ba irin wanda muke zarewa mu saka ba ne, an manna shi ne a jikin na'urar tun daga masana'anta, kuma an yi masa rajista da kamfanin sadarwa na ƙasar da aka ƙera motar dominta. Camry ta 2018 da aka sayar a Amurka da layin Verizon ta fito, daga baya Toyota ta koma AT&T a ƙirar 2020. Motocin General Motors, irin su Chevrolet da Cadillac, sun fara zuwa da 4G ta tsarin OnStar tun 2014, su ma da layin AT&T. Mai mota a can yana biyan kuɗin data wata-wata, kuma an tsara hidimar ce don cikin ƙasarsu. Motarka ta ƙetare teku, mai ita na farko ya daina biya, layin kuwa ba shi da wata alaƙa da MTN ko Airtel ko Glo.

Akwai kuma matsala ta biyu da za ta tsaya ko da an warware ta farko, wato zangon igiyar sadarwa da na'urar ke iya ji, wanda ake aunawa da MHz. Kamfanonin Amurka sun fi aika 4G a kan zangon 700 da 1700 da 1900, namu kuwa sun fi amfani da 800 da 1800 da 2600. Hatta 700 ɗin da Glo ke amfani da shi, rabonsa daban yake da na Verizon. Saboda haka masu cewa za su ɓalle layin cikin na'urar su dasa na gida suna ɗaukar maka alkawarin da da wuya su cika, kuma na fi jin tsoron su a kan mai sayar da allo, domin a wasu motocin makirufon da kake magana da shi lokacin kira ta cikin wannan na'urar igiyar wayarsa ta bi. A taɓa ta da ganganci, a bar ka da motar da ba ta da intanet kuma ba a jin muryarka idan ka amsa kira.

Masu tsofaffin motoci su ma su sani cewa na'urorin da aka ƙera don 3G sun riga sun daina aiki a Amurkar kanta, tun da AT&T ya rufe 3G ɗinsa a watan Fabrairun 2022, Verizon ya bi baya a ƙarshen Disamba na shekarar. Duk dillalin da ya ƙara maka kuɗi a kan cewa mota tana da Wi-Fi, ka roƙe shi ya kunna a gabanka ya buɗe shafi guda da shi, bayan an kashe datar wayar da ake gwajin da ita.

Ban ɗauka mai gyaranka yana nufin cutar ka ba, galibi rashin sanin yadda abin yake aiki ne. Ka yi masa tambaya ɗaya cikin girmamawa: idan an saka sabon allon, da layin wane kamfani motar za ta samu intanet, kuma a ina za a riƙa saya mata data? Amsar da zai ba ka ta isa ta raba gardama. A nawa ganin, ka kashe Wi-Fi ɗin motar gaba ɗaya, ka kuma sa wayarka ta manta da shi, domin wasu wayoyin suna maƙale wa Wi-Fi marar intanet su bar datar da ka saya ba amfani. Sauran bayanin abin da za ka saya a madadinsa yana cikin amsar da na ba Hajiya a ƙasa.

Tambaya: Ina da Sienna wadda na sa aka saka mata allon Android mai ramin layi. Wata shida yana aiki lafiya, amma tun ranar da na sauya batir ya daina buɗe YouTube da taswira, ga kuma alamar sabis tana nunawa. Na gwada haɗa shi da hotspot na iPhone ɗina, bai ma ga sunan wayar ba. Daga wani direba a Rijiyar Lemo.

Amsa: Malam, taka matsalar mai gyaruwa ce, kuma mai yiwuwa ba za ta ci maka ko sisi ba. Fara duba kwanan wata da agogon allon. Idan aka cire batir, yawancin waɗannan alluna suna mantuwa su koma wata tsohuwar shekara, kuma shafukan intanet masu tsaro ba sa yarda su buɗe wa na'urar da kwanan watanta ya saɓa, domin takardar shaidar da suke nunawa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka gyara shekara da wata da rana da hannunka, ka tabbatar an zaɓi lokacin Afirka ta Yamma, sannan ka kashe motar ka sake tayarwa.

In hakan bai yi ba, zare layin ka saka a waya. Nan take za ka gane ko data ce ta ƙare ko kuwa an toshe layin. Layin da ke zaune a mota shi ne aka fi mantawa da shi, ba a kira da shi, ba a karanta saƙon da kamfani ya turo, kuma tun Disambar 2020 hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Idan layin ya yi aiki a waya amma ya ƙi a mota, shiga saitin APN, wato adireshin da na'ura ke bi ta shiga intanet ɗin kamfani, domin shi ma yakan goge. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuwa gloflat. Sai bayan duk wannan ne ya dace ka je wurin mai gyaran wutar mota ya duba ko wayar eriyar 4G ta kwance a bayan allon, ya kuma auna batirin, wanda ya kamata ya ba da wajen bolt 12.6 a kashe, ya haura 13.5 idan inji yana aiki.

Batun hotspot kuwa daban ne. Wi-Fi galibi yana tafiya a kan zango biyu, 2.4 da 5 GHz, kuma alluna masu araha da yawa 2.4 kaɗai suke ji. Daga iPhone 12 zuwa sama akwai wani maɓalli a shafin hotspot mai suna Maximize Compatibility, idan ka kunna shi wayar za ta koma 2.4, allon ya gan ta.

Tambaya: Muna yawan tafiya Kaduna da Katsina da yara, kuma kowa yana son intanet a hanya. Tsakanin in sayi MiFi, wato ƙaramar na'urar da ake saka wa layi ta raba intanet ta Wi-Fi, da in riƙa buɗe musu hotspot na wayata, wanne ya fi? Daga wata mai karatu a Gwale.

Amsa: Hajiya, don zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa makaranta ko Kantin Kwari, hotspot na waya ya wadatar, babu dalilin kashe kuɗi. Tafiyar awa uku ko huɗu da yara kuwa tana gajiyar da waya. Za ta yi ta zafi tana jone da caji, ga rana, kuma kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Kano muna haura 40 a watannin Afrilu da Mayu, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Don haka na fi karkata ga MiFi.

Idan kin je Farm Centre ko Titin Beirut, ki fara tambaya ko na'urar a buɗe take ga kowane layi ko an kulle ta ga kamfani ɗaya. Wadda kamfanin sadarwa ke sayarwa da sunansa ta fi sauƙin kuɗi, amma layinsa kaɗai take karɓa. Ga matafiyi na fi son buɗaɗɗiya, a saka mata layin da ya bambanta da na wayarki, ta yadda idan sabis ɗin wannan ya ɗauke a daji tsakanin gari da gari, na wancan zai iya riƙe ku. Kada ki biya sai an saka layinki an gwada a gabanki kin ga alamar 4G, domin akwai na'urorin da aka shigo da su daga wasu ƙasashe waɗanda ba sa jin zangonmu, irin matsalar da ta sami motar mai tambaya na farko. Ba na ba ki shawarar ƙarin kuɗi don 5G. Gaskiya ne Kano tana cikin biranen da MTN ya fara kawo wa 5G a 2022, amma a kan babbar hanya 4G za ki fi samu.

Abin da na fi so ki kiyaye shi ne batirin na'urar. Kada a bar MiFi a kan dashbod ko a cikin motar da aka ajiye a rana, domin batirinta yana kumbura da zafi, kuma kumburarren batir yana iya kamawa da wuta. Idan kin fi son abin da zai zauna a mota dindindin, akwai nau'in da ba shi da batir, mai kama da filashi, wanda ake sokawa a ramin USB ko a cajar mota. Sai dai ki sa a duba ko ramin yana ɗauke wuta idan an kashe motar, domin a wasu motocin ba ya ɗaukewa, kuma na'urar da aka bari tana ci kwana da kwanaki za ta iya raunana batir. Ki sauya kalmar sirrin da aka rubuta a bayan na'urar tun ranar farko, ki kuma rage ingancin bidiyo a wayoyin yaran zuwa 480p, domin bidiyo ne ke cinye mafi yawan datar tafiya.