Kada ku jira maganin nano, ku kawo ta Yamai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ku jinkirta maganin kansar nonon mahaifiyarku har fasahar nano, wato aiki da ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani, ta iso Nijar. A'a, don Allah kada ku jira. Siraran faya-fayen da ake amfani da su a wannan fasaha, irin girafin (shimfiɗar sinadarin kabon mai kaurin ƙwayar zarra guda tak), galibi a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye ake jarraba su: su taru cikin ƙari, a haska su, su yi zafi su ƙone shi.

Ku taso daga Tawa zuwa cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, tun 2021 ake gashin na'ura, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, a can. Na yi jinyar gwaggona, a ƴan watannin jira ƙarin ya kai hamata. Ku riƙo duk takardun lokotoro.