Rigar da ba a biya ni ba

Ɗanlami, jiya bayan la'asar ka tambaye ni wai me nake samu a aikin hannu da har na ƙi sayen injin ɗinki na kwamfuta. Ka ce abokanka na Sabon Gari riga biyar suke fitarwa a yini, har sun sayi babur, kai kuwa wata biyu kana kan aljihu ɗaya, sana'ar ta fara fita daga ranka. Shirun da na yi maka ba raini ba ne, tsohon miki ka fama mini. Ajiye allurar ka ji.

A farkon 2007, ana ta haramar zaɓen watan Afrilu, wani mutum ya zo nan Ƙofar Doka ta Zariya da mota mai baƙin gilashi. Ya ce maigidansa ɗan takara ne, yana son babbar riga aska takwas wadda in ya shiga taro kowa zai juyo. Na ce masa ni da zaren tsamiya nake aiki, ba da wannan mai ƙyalli na kanti ba. Kai ba ka ma san tsamiya ba, ko? Daga gidan tsutsa ake samunta, a dafa da toka, tsofaffin mata su kaɗa ta da mazari. Ba ta da walƙiya, amma tana tsufa da mutunci. Muka yi ciniki naira dubu tamanin, ya ba ni dubu goma kafin alƙalami. Shaddar Getzner ce 'yar Ostiriya, ni na je Kantin Kwari na sayo da kuɗina, har da rancen da na karɓa wurin surukina.

Wata uku ban yi barcin kirki ba. Da kaina na zana askakin, ban kai wa mai zane ba. Tambarin baya kaɗai sau biyu na warware shi, don da na ɗaga rigar a hasken safiya sai na ga zagayen ya ɗan karkace. Babu wanda zai lura, amma ni na gani. Da na gama aka kai mabuga, ta dawo tana ɗaukar ido. Mutumin ya zo ranar Alhamis da daddare, yana ta sauri, wai gobe akwai taro a Kaduna, Litinin zai kawo cikon. Har rantsuwa ya yi mini da kabarin mahaifinsa. Na naɗe riga na ba shi, babu shaida, babu takarda.

Har yau Litinin ɗin ba ta zo ba.

Na yi sintiri gidansu har masu gadi suka san tarina. Aka ci zaɓe, aka canza lambar waya. Akuyoyin uwargidana uku na sayar na biya surukina. Amma wallahi ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Wani abokina ya je walimar rantsarwa, ya ji ana tambayar mai rigar inda aka yi masa ita, ya buɗe baki ya ce daga Dubai aka kawo. Dubai! A ina Balarabe ya san aska takwas?

Ku yaran yanzu kun ɗauka daɗin sana'a shi ne ka ɗauki hoto ka sa a TikTok a yi ta danna maka. Injin nan da kake sha'awa, abin da aka zuba masa shi yake amayarwa, riga ɗari fuska ɗaya, an wanke sau uku zare ya fara tashi. Ban ce kada ka nemi kuɗi ba, ni ma ba iska nake ci ba. Yadda ake yanka farashi da karɓar rabi tun farko kuwa, wannan ko mai tallar goro ya sani, ba zan ɓata bakina ba.

A 2015 wani saurayi ya shigo shagon nan da riga a leda, wai ta babansa ce ta yage a kafaɗa, an ce masa ni kaɗai zan iya gyarawa. Tun kafin ya gama warware ta gabana ya faɗi. Na zura yatsa cikin aljihu, na taɓo ƙullin nan guda uku da nake bari a kusurwa. Shekara takwas, shaddar ta gaji, ta koɗe a wuya, amma ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Na daɗe ina shafa tambarin nan da na warware sau biyu, har yaron ya ce, "Baba, lafiya?"

Na so in riƙe ta, in ce sai ubansa ya zo da kansa. Sai na tuna in na ƙi, wani mai keke za su kai wa ya yi mata faci kamar buhun masara. Na gyara, na karɓi kuɗin gyara kawai. Dubu saba'in ɗina kuwa ban yafe ba, muna nan da shi har gaban Allah.

Miƙo aljihun nan in gani. Ka ga askarka ta uku ta fi 'yan'uwanta kauri? Warware ta tun daga tushe, kuma kada in ga wayar nan a hannunka kafin magariba.