Shin da gaske ne magani kyauta ne a Birtaniya?

Tambaya: Ɗana zai tafi karatu Ingila, kuma a majalisarmu ta bayan la'asar ana ta musu, wasu suna cewa can ba a biyan ko sisi a asibiti. Mene ne gaskiyar maganar?
Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Malam, Allah ya sa ya tafi a sa'a. Maganar abokan hirarka tana da tushe, domin tun ranar 5 ga Yuli, 1948, da gwamnatin jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta kafa hukumar lafiya ta NHS, mara lafiya yana ganin likita, a kwantar da shi, har a yi masa tiyata, ba tare da an miƙo masa takardar biyan kuɗi ba. Sai dai harajin jama'a ne yake ɗaukar nauyin, shi ya sa batun ba ya barin bakin 'yan siyasarsu a kowane zaɓe.

Ɗanka kuwa baƙo ne, saboda haka zai biya kuɗin lafiya tare da na biza, wanda aka mayar fam 776 a shekara ga ɗalibi tun 2024. A Ingila ana kuma biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta.

Abin da ya fi damuna shi ne jira, domin a 2023 layin marasa lafiya masu jiran a yi musu magani a asibiti a Ingila ya haura miliyan 7. Ka umarce shi ya yi rajista da likitan unguwarsu da zarar ya sauka, kada ya bari sai ciwo ya kwantar da shi.