Muryar da aka tura kan fom ɗin rajistar taki, an rubuta wa waɗanda ba su da data

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma, ku yi haƙuri da ƙarar janareto, ina shagon caji ne nan Ringim. Toh ƙanina da ka yi tambaya ɗazu, ka ce ka haɗa wa ƙungiyar manoman garinku fom na rajistar taki, ka sa JavaScript, wato kod ɗin da ke gudu a wayar mai cikewa, yana hana mutum turawa in bai cike suna da lambar waya da yawan buhu ba, wai shin dole sai ka sake rubuta binciken nan a PHP, ai aiki biyu kenan. Dole ne wallahi, kuma na saba ɗin ma, wato kwamfutar da ke karɓar fom ɗin inda PHP yake gudu, shi ne na gaske.

Ka ga in ka kai gero kasuwa ka ce wa mai saye tiya 40 ce na auna a gida, ai ba zai miƙo maka kuɗi ba sai ya zazzage ya auna da kwanonsa, ba wai ya ɗauke ka maƙaryaci ba ne, bai ga awon gidanku ba ne kawai. To duk abin da ka rubuta na burauza, wato manhajar buɗe shafi irin su Chrome, awon gida ne, a hannun mai waya yake. Mutum ya buɗe shafin a kwamfuta ya danna F12 kod ɗin shafin ya bayyana, ya goge sharuɗɗan required ko maxlength ɗin da ka saka, shi kenan an wuce wurin, wani ma ba zai buɗe shafinka ba sam, da manhaja irin su Postman ko curl zai aika wa saba kai tsaye abin da ya ga dama.

Kuma ba sai mugu ba fa, nan ne nake so ka gane. Mu nan karkara sabis ne matsalarmu, shafi ya buɗe rabi fayil ɗin JavaScript bai sauko ba, ga masu Opera Mini wanda shi a sabar kamfanin ake sarrafa shafin kafin ya zo wayarka, ba kowane kod yake gudu daidai ba. Ni ya faru da ni daminar bara, na yi irin fom ɗin nan, ƙa'ida buhu 5 ne iyaka, ranar da aka zauna gindin darbejiya ana karanto sunaye sai ga wani dattijo da buhu 50, mutane suka fara ƙananan maganganu, bawan Allah nan har rantsuwa yake idonsa ya yi ja, ashe yaron da ya cike masa ne hannunsa ya taɓa sifili, bincike na waya bai tashi ba, saba kuma ta haɗiye ba tambaya. Har yau abin yana damuna, mutuncin mutum ne ya kusa zubewa saboda layi biyu da ban rubuta ba.

Saboda haka a PHP ka duba komai daga farko kamar ba a taɓa dubawa ba. Yawan buhu ka bi da shi ta filter_var, abin tantancewa na PHP, ka tabbatar lamba ce tsakanin 1 da 5. Lambar waya ka cire fili da ke tsakani, in ta fara da +234 ka mayar da ita 0, sannan ka ƙirga 11, kuma ka adana ta a matsayin rubutu don in ka sa ta a gidan lamba sifilin farko zai ɓace. NIN ma 11 ne, lambar akawun 10. Ƙaramar hukuma ko da zaɓa ake yi daga jeri, ka sake dubawa tana cikin 27 ɗin nan na Jigawa. Sannan kar ka ce lambar waya ba za ta maimaitu ba, ka san gida guda waya ɗaya ce, maigida da uwargida da ƙanensa duk ita za su bayar, NIN za ka hana maimaitawa, shi zai kuma tare maka wanda ya danna tura sau uku don sabis ya tsaya.

Sai maganar suna, don Allah kar ka kwafo dokar nan ta A zuwa Z kawai daga intanet. Ina za ka kai Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il, ina Ɗanladi da Ƙasimu? Wannan 'yar alamar ta cikin Sa'adatu in kana liƙa suna kai tsaye cikin SQL, wato umarnin da kake aika wa databes inda ake ajiye bayanan, ita kaɗai za ta karya maka umarnin, kuma ta wannan ƙofar ce ɓarayi suke shiga databes su kwashe ko su goge. Maganinta ba hana alamar ba ne, ka yi amfani da prepare na PDO a PHP, wanda ke raba umarni da abin da mutum ya rubuta, databes ka sa shi utf8mb4 don ƙ da ɗ da ɓ su zauna lafiya, in za ka nuna sunan a shafi ka bi da shi ta htmlspecialchars don kar a ɗauke shi a matsayin kod.

Binciken wayar kuma, na JavaScript ɗin, kar ka cire shi, yana da amfaninsa, mutum ya ga kuskurensa nan take bai ƙona data ba. Ka dai rubuta saƙon da Hausa, lambar waya ba ta cika 11 ba, kuma in saba ta ƙi karɓa ka dawo masa da abin da ya riga ya cike kar ya fara daga farko.

Yanzu ka shiga saitin Chrome ka kashe JavaScript, ka tura fom ɗin ba komai, ka tura buhu -3, ka tura sunan Sa'adatu, ka ga me zai faru. Abin da ya fito ka ɗauko hotonsa ka turo nan tare da fayil ɗin PHP ɗin, bayan isha'i in Allah ya kai mu zan duba maka.